Darasi na Tara: Hukuncin Kuɗin Goro

Duk mai hankali yana yanke hukunci a kan abin da bai gani ba da ɗan abin da ya gani, kuma ba shi da makawa sai ya yi hakan. Uwargidan da ta shiga Kasuwar Rimi awon gero ba ta zazzage buhu ta bi ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Hannu take zurawa ta ɗebo, ta murza a tafinta, ta hura ta ga yawan ƙaiƙayi da tsakuwa, ta jefa ƙwaya biyu a baki ta ciza don ta ji ko ya bushe, sannan ta ce a auna mata. Idan ta daɗe tana cefane ba za ta tsaya a na sama ba, don ta san wani mai awon yakan shimfiɗa mai kyau a baki. Sai ta nutsa hannu har wuyansa ta ɗebo na ciki. In ta tarar da ƙwari, wannan buhun za ta bari ta matsa gaba. Ba za ta koma gida ta ce wa maigida bana babu geron kirki a Rimi ba. Ta ɗebi abin da ya isa, ta ɗebo daga inda ya dace, ta kuma tsayar da hukuncinta a bakin buhun da ta taɓa. Abin mamaki shi ne, mutanen da ke da wannan kaifin ido a kan kwanon gero su ne kuma za ka ji suna cewa duk direbobin adaidaita sahu haka suke, ko duk likitoci kuɗi ne a gabansu, ko kuma kada a ba wa ɗan unguwa kaza aure don 'yan daba ne. A nan ne hukunci ya fi hujja faɗi, kuma shi ne kuskuren da wannan darasi zai bi diddigi.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan matsala. A fannin manɗiƙi, wanda ɗalibai kan fara da Sullam na Al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ana kiran bibiyar ɗaiɗaikun abubuwa don a fitar da hukunci na gaba ɗaya istiƙra'i, kuma an raba shi biyu. Akwai cikakke, inda aka duba kowane ɗaya ba a bar ko guda ba, wannan shi ke ba da yaƙini. Akwai tauyayye, inda aka duba wasu aka bar wasu, shi kuwa iyakar abin da zai ba ka rinjayen zato ne, kuma zaton yana ƙarfi ko rauni gwargwadon yawan abin da aka duba da yadda aka zaɓo shi. Malaman usulu kuma suna watsi da ƙiyasin da aka yi tsakanin abu biyu da suka bambanta a daidai wurin da hukuncin ya rataya. Kusan duk abin da muke yi a rayuwar yau da kullum tauyayyen istiƙra'i ne, kuma babu laifi a cikinsa. Laifin yana zuwa ne ranar da mutum ya ɗauki zato ya sa masa rigar yaƙini. Kano ta taɓa yin haka a kan al'amarin da ya shafi lafiyar 'ya'yanta, kuma da yake labarin yana da rana da wata da adadi, ya fi kowane misali na ƙirƙira amfani wajen koyo.

A farkon shekarar 1996 annobar sanƙarau ta barke a arewacin Nijeriya. Mutane fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, galibi yara. A Kano, Asibitin Zana da ke wajen ganuwa ya cika ya batse, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ta fama da marasa lafiya. Ana cikin haka tawagar kamfanin magunguna na Pfizer ta iso daga Amurka da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an amince da shi ba, ta gwada shi a wannan asibiti. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, aka ba rabi Trovan, rabin kuma aka ba su wani sanannen magani, amma a ma'aunin da bai kai wanda aka saba ba. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma. Sai a watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta tona labarin, aka ji cewa babu takardar amincewar iyaye da aka sa wa hannu, kuma takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne daga baya aka mayar da kwanan watanta baya. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Kamfanin ya tsaya a kan cewa an nemi yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sannan a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne.

Wannan abu ya faru, kuma wanda ya ce mutanen Kano ba su da dalilin jin haushi ko tsoro bai yi adalci ba. Uban da ya kai ɗansa asibiti a rikice, wuya ya sanƙare, jiki kamar wuta, bai san akwai layi biyu ba, ɗaya na magani ɗaya na gwaji, an ci amanarsa ko da yaron ya warke. Amma a lura da iyakar abin da labarin ya tabbatar. Ya tabbatar da cewa wani kamfani guda, a wani asibiti guda, cikin 'yan makonni, ya gwada sabon magani a kan yara marasa lafiya ba tare da cika ƙa'ida ba. Daga nan ana iya fitar da hukunce-hukunce masu nauyi kuma ingantattu: cewa hukumomin da ke sa ido a lokacin sun yi sakaci, cewa talaka a lokacin annoba yana da sauƙin cuta, cewa kowane gwajin magani yana bukatar a tsare shi da doka mai haƙori. Har maganar da ake yawan yi cewa Trovan ya kashe yara goma sha ɗaya ta ɗan zarce hujja, tun da shida daga cikinsu ba shi aka ba su ba. Faɗin haka ba wanke kowa ba ne. Mai neman haƙƙi ya fi kowa bukatar lissafinsa ya zama daidai, don da kuskure ɗaya ake rushe masa sauran gaskiyarsa.

Bayan shekara bakwai aka miƙa wannan hukunci zuwa inda bai kai ba. A 2003 Dokta Datti Ahmad, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, ya bayyana cewa ana zargin an gurɓata ɗigon rigakafin shan-inna da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, wasu jihohi irin su Zamfara da Kaduna su ma suka dakatar na wani lokaci, amma Kano ce ta fi daɗewa, kusan wata goma sha ɗaya. Kwamitin da jihar ta kafa ya ce ya ga ɓurɓushin wani sinadari mai alaƙa da haihuwa a wasu kwalabe, gwaje-gwajen da gwamnatin tarayya ta sa aka yi a gida da waje kuma suka ce ɗigon lafiyarsa lau. A majalisu da ƙofofin gidaje kuwa, tun daga Yakasai har gindin Dala, ba sakamakon ɗakin gwaji ake tattaunawa ba. Maganar da ke yawo ita ce: ai mun ga abin da suka yi a Asibitin Zana. Wannan “suka” ita ce gaɓar da tunani ya karye. Ta haɗa kamfani mai neman riba da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da ma'aikatar lafiya ta jiha, da yarinyar unguwa da ke ɗauke da akwatin sanyi, ta mayar da su mutum ɗaya mai niyya ɗaya. Ta kuma haɗa abu biyu da ba su yi kama ba a wurin da ya kamata su yi kama. Trovan sabon magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya a ɓoye. Ɗigon shan-inna kuwa tun farkon shekarun 1960 ake amfani da shi, an ɗiga wa ɗaruruwan miliyoyin yara a Amurka da Rasha da Masar da Indiya da Indonesiya, kuma sakamakonsa a fili yake: lokacin da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da cutar a 1988 tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125, zuwa 2003 ta rage a ƙasashe shida kacal. An ɗauki hujja mai yara 200 aka rinjayar da ita a kan hujja mai ɗaruruwan miliyoyi, don kawai ta farkon a gida ta faru kuma tana da ciwo.

Akwai ma wata hujjar da ta fi wannan kusa, a jikin mutanen birni kansu. Dattawan da suka haura sittin a yau, da yawansu suna da tabon lamba a damtse, na rigakafin agana da aka yi gida gida da kasuwa kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Shi ma daga waje ya zo, shi ma kyauta ne, shi ma bin mutane aka yi da shi. Agana ta ɓace daga Nijeriya a 1970, aka ayyana ƙarewarta a duniya a 1980, masu tabon kuma suka hayayyafa har suka ga jikoki. A 2003 waɗannan mutane suna tsakiyar ƙarfinsu, wasunsu ma su ne ke zaune a majalisar da ake cewa kada a yarda. Haka kuskuren kuɗin goro yake aiki: ba ya neman misalin da zai ƙaryata shi, ko da misalin yana ƙarƙashin hannun rigar mai magana. Mutum yakan tuna abin da ya ba shi tsoro ya manta abin da ya wuce lafiya, saboda yaron da aka yi wa rigakafi bai kamu da komai ba ba labari ba ne, babu mai zuwa jaje ko barka a kansa.

Mai karatu zai iya cewa, to ai Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma gudun nan ba wauta ba ne, taka tsantsan ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Neman a gwada ɗigon kafin a ci gaba ba aibu ba ne, haƙƙin gwamnati ne a kan jama'arta, kuma da an yi irin wannan tambayar a 1996 da ba a kai ga abin da aka kai ba. Sai dai gudun tsumma yana da arha ne idan babu abin da ke bayan mai gudun. A nan akwai. Masu kamuwa da shan-inna a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,000 a 2006. Ƙwayar cutar da aka gano asalinta daga arewacin Nijeriya ta bi hanyoyin fatauci da na aikin hajji ta sake shiga ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Yaman, ta kai har Indonesiya a 2005. Kowace lamba a cikin wannan lissafi yaro ne da ya kwanta da zazzaɓi ya tashi ƙafa ta saki. Ƙin yin abu shi ma zaɓi ne mai farashi, kuma waɗanda suka biya a nan ba su ne suka yanke hukuncin ba. Saboda haka mai taka tsantsan na gaskiya yakan auna haɗari biyu, ya kuma faɗi tun farko wace hujja ce za ta gamsar da shi. Wanda babu sakamakon gwajin da zai sauya masa ra'ayi ya riga ya bar taka tsantsan ya shiga wani abu dabam.

Wani kuma zai ce ba a kan misali ɗaya aka gina zargin ba. Akwai manufar ƙayyade iyali ta 1988 a zamanin Babangida da ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, akwai yaƙin Iraƙi da aka fara a watan Maris na 2003 bisa hujjar makaman da ba a taɓa samu ba, daga baya ma a 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta yi amfani da rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan. Duk waɗannan gaskiya ne, na ƙarshen ma abin kunya ne da ya jawo wa ma'aikatan lafiya asarar rayuka a can. Amma tara misalai goma ba ya amfani idan duk goman suna amsa wata tambaya ce dabam. Abin da suke nunawa shi ne masu ƙarfi suna iya yin ƙarya, wanda ba sabon labari ba ne. Ba su gaya mana abin da ke cikin wannan kwalbar ba. Tambayar kwalba a ɗakin gwaji ake amsa ta, sannan lokaci ya tabbatar. Lokaci kuwa ya yi magana: 'yan matan da aka ɗiga wa a ƙarshen shekarun 1990 da bayan 2004 yanzu su ne ke cika layin awon ciki a Asibitin Murtala, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma 6.6 ne, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Yankin da aka fi kai wa ɗigon shi ne ya fi ko'ina haihuwa.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda iyaye mata suka riƙa yi a bakin ƙofa: ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna kashe mana yara, mu je asibiti a rubuta mana magani mu saya, wannan kuwa da ba mu nema ba ake bin mu da shi har ɗaka, kyauta, sau da yawa a shekara, me ya sa? Tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta tana nan. Ƙwayar shan-inna a jikin ɗan Adam kawai take rayuwa, don haka idan aka rufe mata ƙofa a kowane yaro na wani lokaci za ta ƙare har abada, kamar yadda agana ta ƙare, shi ya sa ƙasashen duniya suka zuba kuɗi a kanta. Zazzaɓin cizon sauro ba ya kawuwa da wannan dabara. Amma ƙorafin ya tona gaskiyar da hukuma ba ta so ji ba, cewa asibitocin unguwa babu magani. Masu shirin sun gane haka a makare: daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da rigakafin ƙyanda da sinadarin bitamin A da gidan sauro, daga baya aka riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya a unguwanni. A lura da bambancin nan da kyau. Daga “an yi watsi da sauran cututtukanmu” zuwa “a gyara asibitoci” hanya ce miƙaƙƙiya. Daga nan zuwa “ashe guba ce” tsalle ne a kan rami.

Akwai kuma ƙaramin kuɗin goro da ake yi a cikin gida, wanda ya fi wuyar ganewa don da idon mutum ya gani. Magidanci zai ce, 'ya'yana goma babu wanda aka ɗiga wa, ga su nan garau suna ƙwallo a lungu. Gaskiya ya faɗa, amma gidansa ya yi ƙanƙanta ya zama ma'auni. A cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kimanin ɗaya ne take shanyewa, sauran su yi ɗan zazzaɓi ko ma ba su ji komai ba, alhali suna fitar da ita a bayan gida tana bin kwata da ruwan sha zuwa maƙwabta. Ke nan za a iya samun gidaje ashirin a jere da cutar ta ratsa ba ta bar alama ba, ta je ta sauka a na ashirin da ɗaya. Idan abu ba ya faruwa sai jefi jefi, gida ɗaya ko unguwa ɗaya ba ta isa a gane shi ba, sai an haɗa lissafin gari guda. Haka nan ta ɗaya ɓangaren: a cikin dubban yaran da aka ɗiga wa ranar Asabar, dole a samu waɗanda za su yi zazzaɓi ranar Lahadi, don ko ba a ɗiga ba kullum akwai yaran da ke zazzaɓi a Kano. Uwar da abin ya faɗa kan ɗanta ba za a zarge ta ba in ta haɗa biyun. Wanda ya ɗauki labarinta ya yaɗa a matsayin hukuncin duk rigakafi shi ne ya yi kuskuren.

Don kada darasin ya faɗa cikin abin da yake hani, dole a faɗi cewa ɗigon ba shi da tsarki daga kowace illa. Ƙwayar cutar ce aka raunana a cikinsa, kuma a wurin da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, wannan raunanniyar ƙwaya tana iya yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi ta shanye wani. Hakan ya faru a arewacin Nijeriya daga 2005, kuma jinkirin da hukumomi suka yi wajen bayyana wa jama'a bai taimaki amana ba. Wanda ya ce rigakafi ba ya taɓa cutarwa ya yi kuɗin goro kamar wanda ya ce duk guba ne. Sai dai wannan illa ba ita ce aka yi zargi ba, kuma inda aka ƙi ɗigon ne take samun wurin yaɗuwa.

Mutanen waje ma sun yi wa Kano irin wannan awo. Bayan 2003 an yi ta rubutu a jaridun Turai da na kudancin ƙasar nan kamar dai Musulmi ne ba sa son rigakafi, ko kuma mutanen Arewa ne suka ƙi ilimin zamani. Hujja ba ta goyi bayan wannan ba. A watan Oktoba na 2003, ana tsakiyar dakatarwar, taron ƙolin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Maleshiya ya yi kira a kawar da shan-inna. Ɗigon da Kano ta koma amfani da shi a ƙarshen Yuli na 2004 daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya aka sayo shi, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, kuma Gwamna Shekarau da kansa ya ɗiga wa yara a bainar jama'a. Saudiyya ta sa rigakafin cikin sharuɗɗan shiga ga maniyyatan Nijeriya. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. Waɗanda suka yi ta bin lunguna cikin rana, suna sallama a zaure, suna ɗiga digo biyu, suna shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa, suna rubuta alama da alli a jikin bango, 'ya'yan Kano ne, galibinsu mata masu hijabi. Tara daga cikin masu wannan aiki aka harbe a Kano ranar 8 ga Fabrairu, 2013, sauran kuma suka koma bakin aiki. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali, ba raunanniyar cikin ɗigo ba, ta shanye a jihar an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Garin da aka ce ya ƙi, shi ne ya yi aikin.

Ko a yau ana bukatar wannan kiyayewa. Da cutar mashaƙo ta barke a ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kammala allurar rigakafi ba. Da sauƙi a ce ai gadon 2003 ne a rufe magana, amma wannan ma hukunci ne da ya wuce hujjarsa. A cikin iyayen yaran akwai mai zargi, akwai wadda ta je ta tarar babu allura, akwai wadda maigida bai ba izinin fita ba, akwai wadda kuɗin mota ya gagara, akwai wadda ba ta san sau nawa ake komawa ba. Kowanne maganinsa dabam, kuma jami'in da ya yi musu jimla ya kira su masu taurin kai zai ɓata kuɗin gwamnati yana wa'azi ga wadda kuɗin adaidaita kawai take nema.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya kasa kunne a majalisa, ko wurin aiki, ko gidan biki, ko a saƙonnin WhatsApp, ya rubuto magana uku da aka fara da “duk”, ko “kullum”, ko “ai su haka suke”. A ƙarƙashin kowace ya rubuta mutum nawa ko abu nawa mai maganar ya gani da idonsa, a ina ya gan su, da kuma misali ɗaya da shi ɗalibin ya sani wanda ya saɓa mata. Sannan ya sake rubuta maganar daidai faɗin hujjarta, ko da za ta koma “wasu” ko “wani mutum guda da na sani”. Ɗaya daga cikin ukun ta kasance wadda kai da kanka ka saba faɗa, kuma da ita za mu fara a aji.